Ruwan da Ya Fito ta Tagar Iya

Da sunan Allah, Mai saukar da ruwa inda Ya ga dama, Mai bi da shi ta inda ido ba ya kaiwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa.

Daga mahaifinka, Bawa magini, zuwa gare ka, Mai Sunan Baba, a gidan kawunka Dogo mai fataucin dabbobi, a Zakirai. Gaisuwa mai yawa. Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da kawunka da iyalinsa, Ya sa kuma ta riske ka tun ayarin kudu bai ɗaura kaya ba. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin abokin hanya.

Ba ni ke riƙe da alƙalami ba, ka san hannuna da laka ya saba. Malam Liman ne ke rubutawa, ni ina faɗa, a nan zaurenmu, kuma ba mu kaɗai ba ne. Na sa an kirawo mutanen da ke zaune a nan ranar da na yi maka faɗa. Sun zo duka, har da waɗanda ban kira ba, don ka san garinmu: in aka ce Bawa zai yi magana a kan kansa, ko gurgu sai ya riga mai ƙafa zuwa.

Labarin gari ɗan saƙo zai ba ka. Ni magana ɗaya ce ta zaunar da ni, maganar tagar nan. Da rani ka buɗe wa kakarka Iya taga a bangon arewa na soronta, don idonta ya yi rauni, ta samu hasken da za ta yi kaɗi. Shi ne aikinka na farko kai kaɗai. Da ruwa mai ƙarfi ya sauka, sai ya ɓullo ta kusurwar tagar daga sama, ya jiƙa mata auduga. Ni kuwa na tsaya a zauren nan na ce hannunka ba na gini ba ne, ka je ka nemi awaki ka kora. Kai kuma, da yake jinin Baba ne a jikinka, sai ka miƙe. Ka jingine gizagonka a bayan ƙofa, ka tafi wurin mai awakin, kawunka. Yanzu ina jin wai da kaka za ku bi ayari, kuma ka ce ba za ka ƙara taɓa laka ba.

Kafin ka ɗaura wa jaki kaya, ka saurari yadda ruwa ya yi ta wasa da hankalin ubanka tun yana ƙasa da shekarunka. Ban taɓa ba ka waɗannan labarai ba, don uba ba ya son ɗan fari ya san ya taɓa zama wawa.

Ina saurayi, Baba, wanda ka ci sunansa, ya aike ni gidan wani masaƙi a Ɗanbatta, wai tagar shigifarsa tana yoyo. Na je na ga naso a gefen tagar, baƙi, faɗin tafin hannu. Na kwaɓa laka mai kyau na shafe wurin daga ciki, na goge shi sumul, na dawo gida ina taƙama. Da aka sake ruwa, sai ga shi ya fito a ɗaya gefen. Na koma na shafe. Ya fito a ƙasa. Haka na cinye daminar nan, ina bin sa da laka yana gabana, har tagar ta tsuke ta koma kamar ramin ɓera, masaƙin ya fara gaishe ni da “Sannu da zuwa, mai gida.” Baba ya zuba mini ido, sai da na gaji na kawo masa ƙara da kaina. Ya ce, “Bawa, in mutum ya zo ya ce maka gidanka ya kama wuta, bakinsa za ka toshe?” Ya bi ni gidan, bai ko shiga ɗakin ba. Ya kafa tsani ya hau, ya sa hannu a indararo, wato bakin da ruwan rufi ke zuba ta cikinsa, ya zaro sheƙar tsuntsu. Ruwa ne ke taruwa a sama ya rasa mafita, ya nemi tasa.

To, ka riƙe wannan. Inda ruwa ya fito, nan ya gama tafiyarsa, ba nan ya soma ba. Taga wuri ne da aka yanke bango, saboda haka duk ruwan da ke yawo a cikin bango, in ya iso nan dole ya nuna fuskarsa. In ka ga naso a taga, kada ka ɗauko laka tukuna. Ɗaga kanka sama.

Bayan wannan sai na ɗauka na zama gwani. In aka kira ni, sai in bari ruwa ya ɗauke, rana ta fito, in sa riga mai tsabta in je in tsaya ina kallon bango ina gyaɗa kai. Bangon da ya riga ya jiƙe ko'ina, me zai gaya maka? Wata rana da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, kowa na gudu yana kwashe shanya, sai Baba ya ce in tuɓe riga in biyo shi. Ya kai ni gindin wata taga ya ce in tsaya in duba.

Ɗana, abin da na gani ranar nan har gobe yana ba ni tsoro. Ni a da na ɗauka ruwa ƙasa kawai ya sani. Sai na ga ɗigo ya gangaro kan azarar da ke saman taga, ya iso baki, maimakon ya faɗo sai ya maƙale a ƙarƙashinta, ya juya, ya yi tafiya da baya zuwa cikin ɗaki, yana rataye, ba abin da ke riƙe da shi. Wani ya biyo shi, wani ya biyo wancan, duk a kan sawu ɗaya kamar tururuwa. Na ga iska ta ɗauki ruwa ta hau da shi bango, daga ƙasa zuwa sama, ta cusa shi a wata tsaga da ko tsinke ba zai shiga ba. Na ga bangon da na san shi busasshe ƙayau yana shan ruwa yana sauya launi a hankali, kai ka ce mai rai ne. Na tsaya ruwa na dukana, bakina na faɗin Subhanallahi ban ma san ina faɗa ba. Abin da ba shi da ido, ba shi da ƙafa, ba shi da ƙashi, amma bai taɓa ɓata hanya ba. Duk raunin da magini ya ɓoye a cikin bango, da wanda ya sani da wanda bai sani ba, ruwa ya san wurin. Baba ya ɗaga murya don tsawa, ya ce, “Ka ga malaminka. Ni mai kai ka makaranta ne kawai.”

Don haka in aka kira ka, je tun ana ruwan. Ka lura da inda iska ta fito, don a ƙasarmu hadari daga gabas yake zuwa, bangon gabas shi ke shan duka. Ka lura ko yoyon yana farawa tare da ruwan ne, ko sai an daɗe ana yi. Wanda ya fara nan take, ƙofarsa na kusa. Wanda ya makara, har ya ci gaba da ɗiga bayan sama ta washe, daga nesa ya taso. Ka tari ɗigon a tafin hannu ka duba. In fari ne, bai daɗe a bango ba. In ja ne, ya ci ƙasa a hanya. In ya yi duhu-duhu, ya bi ta kan makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da muke shafa wa rufi, ka san daga sama yake. Ka kuma kai shi hanci. Ka riƙe maganar hancin nan, za mu komo kanta.

Akwai kuma ranar da na so in nuna wa mutane dabara. Na ce ba sai mun jira damina ba, ni zan yi ruwana. Na sa aka hau mini da tuluna kan soron wani dattijo, na tuttule su gaba ɗaya. Ruwa ya fito ta taga kuwa, ya fito ta ƙofa, ya fito ta inda bai taɓa fitowa ba, ya sauka a kan mai gidan yana cin tuwo. Abin da na gano a ranar shi ne ruwa yana jiƙa mutum. Gwaji daga ƙasa ake fara shi, ɗana, da buta, ba da tulu ba. Ka bari sai bango ya bushe. Ka sa wani a ciki yana kallo. Ka zuba a bakin tagar na ƙasa, ka jira. In shiru, ka hau gefe ɗaya, ka jira. Haka, haka, kana hawa. In ka fara daga sama, ka jiƙa duk shaidunka, kowa ya zama ɓarawo.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na gidan wani mahauci, a Ɗanbattan dai. Lokacin har na yi aure, Baba ya kwanta dama. Tagar ɗakin ajiyarsa tana yoyo, na yi ɗan dube-dube ban ga komai ba, ga noma na jirana. Na ce masa, “Taga ce ta kawo ruwa, a toshe ta a huta.” Na jera tubali na toshe, na yaɓe. Yoyo ya tsaya cak, mahauci ya yi ta sa mini albarka, har da tsire. Da marka ta kankama, kwana da kwanaki sama ba ta buɗe ba, sai bangon nan ya zame gaba ɗaya ya kwanta a kan turken jakinsa. Allah Ya kiyaye ba mutum a wurin. Jakin ya rayu, amma da ɗingishi, kuma shekara da shekaru in na shiga kasuwa sai na gan shi, shi ma sai ya gan ni. Ruwan bai daina shiga ba, fita na hana shi. Na yi rantsuwa a ranar ba zan ƙara toshe taga don yoyo ba.

Ka ji mai rantsuwa. Kwana kaɗan bayan tafiyarka, sai ga ni da kwandon tubali a ƙofar ɗakin Iya.

Tana zaune a gindin tagar da mazari a hannu. Ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, “Wane ne wannan mai nishin jaki?”

Na ce, “Ni ne, Iya. Tagar nan zan toshe, kada ta ƙara ɓata miki auduga.”

Ta ce, “Tagar maigidana? Ka fara toshe ni tukuna.” Ka san tun da aka raɗa maka sunan mijinta ba ta da wani maigida sai kai. Ta ce, “Shekara nawa ina laluben zare a duhu, kai da kake magini ba ka taɓa tunanin huda mini bango ba. Yaro ya huda, ka kore shi. Kuma ni ruwan nan ban yarda na taga ba ne. Warin tantabara yake yi.”

Na ce, “Haba Iya, rabon gidan nan da tantabara tun yaushe?”

Ta ce, “Ido ne ya tafi, Bawa, hanci na nan. Ruwa ba ya tsami banza.”

Na fito da tubalina ina gunaguni, na ci karo da Nomau, Bamagujen nan maƙwabcinmu mai ginin rumbu, wanda muka yi kiwo tare muna yara. Ya dubi kwandon ya dube ni, ya ce, “Magini, akwai wani jakin da ya yi maka laifi ne?” Wallahi da wani ne da mun yi faɗa. Na ajiye kwandon.

Allah Ya kawo ɗan tsaiko, ruwa ya ɗauke na 'yan kwanaki, bango ya sha iska. Na ɗauko buta da tsani, Nomau ya shiga ɗaki ya zauna kusa da Iya, idonsa a kan kusurwar. Na zuba a bakin tagar. Ruwa ya gangaro waje, don ka karkata bakin yadda ya kamata. Nomau ya ce, “Babu!” Na bi itacen gefe, dama da hagu, inda itace ya haɗu da laka, nan ne yawancin tagogi ke cin amana. Ka cusa wurin tam, ka bi shi da makuba. “Babu!” Na hau kan azarar. Sai na tarar ka shigar da ita cikin bango sosai ta kowane gefe, ka yi mata ɗan goshi a sama, har ka sassaƙa siririn kwari a ƙarƙashinta don ɗigon nan mai tafiya da baya ya faɗa ciki ya yanke. Ni ban taɓa koya maka wannan ba. Na tsaya a kan tsani ina shafa wurin da yatsa.

Tunda Malam na rubutawa, mutane na ji, bari in faɗi gaskiya: so nake ta yi yoyo. Na watsa ruwa daga gabas, na watsa daga yamma, na cika baki na fesa a kusurwar kamar mai yi wa doki magani. Nomau ya leƙo ya ce, “Magini, in wanka kake yi mata, ta fita. Hau sama.”

Na hau. Indararo a buɗe yake. Daɓen rufi lafiya lau, ko tsagar gashi babu. Na bi rawanin soron, ɗan bangon nan da ya kewaye rufi, ina zubawa ina jira, Nomau na ta “Babu!” har muryarsa ta fara dishewa. Na zo kusurwar gabas, inda kabewar innarka ta hau ta lulluɓe. Na yaye ganyen. Sai ga bakin tukunya yana kallona.

Ba za ka tuna ba, kana goye. Shekarar da na gina wa Iya soron nan, ina da tantabaru, na binne musu tsohuwar tukunya a jikin rawani su yi sheƙa, yadda kowa ke yi. Kowa kuma ya san bakin tukunyar yamma ake juya shi, a ba hadari baya. Amma akwai wani muzuru da ke hawowa ta kan rumbu daga yamma yana cinye mini 'ya'ya, sai na yi masa wayo na juya bakin gabas. Muzuru ya mutu, tantabaru suka watse, ni na manta. Tukunya ba ta manta ba. Ta buɗe baki tana karɓar kowane hadari. Na sa hannu na kwaso tsohon kashinsu ya zama taɓo, na shafa gindin, na ji tsaga.

Duk da haka zuciyata ta ce, ina tukunyar gabas ina tagar arewa? Tsakaninsu ya fi tsawon mutum biyu, ga kusurwa a tsakani. Na sauka na je marina na roƙo ruwan shuni a ƙwarya, na hau na juye shi a tukunyar, na bi shi da ruwa. Ya shige kamar an kira shi. Na sauko muka zauna a ɗakin Iya mu uku muna kallon kusurwa. Shiru. Muka ƙara jira, shiru. Aka kira la'asar, na tashi da murna a ciki, na ce, “To, kun gani.” Na je masallaci na dawo, ina ƙofar gida sai na ji Iya tana cewa, “Wani abu ya ɗigo mini a hannu.”

Na shiga. Nomau na tsaye, ya cire hula. A kusurwar tagarka ɗigo ne ke rataye, hasken yamma ya ratsa shi, shuɗi. Ya cika, ya saki, ya faɗa cikin taskirar Iya a kan farar auduga. Wani ya taru a wurinsa.

Ɗana, na ga abubuwa a sana'ar nan, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Na zauna a ƙasa. Ruwan da na zuba da hannuna a gabas ya shiga duhun bango, ya sha kwana, ya bi hanyar da ba wanda ya tona masa, ya zo ya same ni a arewa da launin da na ba shi, kamar ya ce, “Ga saƙonka.” Iya ta ce, “Me kuka gani kuka yi shiru?” Nomau ya ce, “Iya, ɗanki ya rina miki auduga kyauta.”

Washegari muka fitar da ita da kayanta, muka tokare rufin, na fara bin hanyar ruwan da dagi daga saman tagar. Ɓawon bangon ne kawai ya rage. Dagi ya shige fus. Na tura hannu har kafaɗa ban taɓo komai ba sai taɓo mai sanyi. Ruwan ya samu tsohuwar hanyar gara ya faɗaɗa ta, tun daga tukunya har ƙasa, kuma ba aikin bana ba ne, ba na bara ba. Shekaru yana sauka a cikin bangon nan a ɓoye, yana cin ƙasa, yana wucewa ta daidai inda ka yanka, ya ƙarasa bayan gadon Iya, inda take sa kai. Kai ba ka kawo ruwa ba. Ka yanke masa hanya ne, ka tilasta shi ya fito fili. Da ba ka buɗe tagar nan ba, ba mai sanin komai sai markar bana ko ta baɗi. Da kuma na jera tubalin nan, da na mayar da shi duhu da hannuna, kuma wannan karon ba jaki ne a gindin bangon ba, uwata ce.

Malam ya ajiye alƙalami yana jirana. To, Malam, mu ci gaba.

Duk abin da na gaya maka a sama na san shi ranar da na tsaya a zauren nan ina ɗaga murya. Na san a ɗaga kai sama. Na san yoyon ya makara, ya ci gaba bayan ruwa ya ɗauke. Na san a kai hanci. Ban yi ko ɗaya ba, don bangon nawa ne, tagar taka ce, ga sabo ga tsoho, sai na kama sabon. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango naka, kuma naka ɗin ma babu shi. Ka yi hattara da wannan fiye da komai, don ya fi kama gwani. In abu ya lalace a inda aikinka ya haɗu da na wani, fara zuba butar a kan naka. In kana tafe da ayari aka wayi gari kaya sun jiƙe, kada ka kama wanda ya fi kusa da su don kawai shi ne a kusa, ko don shi ne ƙarami ba zai iya musu ba. Wanda ɓarna ta ɓullo a hannunsa, sau da yawa shi ne ya tona ta. In kuma Allah Ya ba ka ɗa, ya yi aikinsa na farko, ka hau tsani ka duba kafin ka buɗe baki, don magana zarar bunu ce.

Na ce hannunka ba na gini ba ne. Ga Malam, ga Nomau a bakin ƙofa, ga sauran da suka ji ta farko, su ji ta biyu: ƙarya na yi. Tun da nake, ban kafa tagar da ta kai taka ba. Ka yafe mini. Ba a saba uba ya ce wa ɗan fari haka ba, na ga wasu sun sunkuyar da kai, to su sunkuyar.

Ba zan ce kada ka bi kawunka ba. Fatauci sana'a ce, Dogo mutumin kirki ne, namiji kuma sai ya ga duniya. In zuciyarka can take, tafi da albarkata. Abin da ba na so shi ne ka tafi don maganata, ka yi shekaru kana kallon hannunka kana ganin ba shi da amfani. In za ka bar laka, ka bar ta kana sane da cewa ta karɓe ka.

Na fasa tukunyar, na cike gurbinta. Bangon mun sake shi daga ƙasa, ni da Nomau, a tsakanin ruwa da ruwa, muna rufe shi da zana. Tagar ban taɓa ta ba, mun tokare ta muka gina kewaye da ita. An yi ruwa mai ƙarfi tun daga nan, na je na tsaya a gindinta ana yi, ko ɗigo. Shafen makuba na ƙarshe kawai ya rage, sai rani. Iya ta ce ba mai shafa mata shi sai maigidanta, in kuwa ya ƙi zuwa ta kai ƙararsa wurin alƙali, ya bar matarsa ba ci ba sha. Innarka ta ce ba ta da saƙo. Amma akwai ƙunshin daddawa a cikin kayan nan, kuma ba ni na ƙunsa ba.

Allah Ya kiyaye ka a tudu da kwari, Ya tsare ka daga mahara da miyagun ƙwari da rafin da ya cika. In kun iso ruwa, kada ka raina shi don ka ga ƙasansa. Allah Ya haɗa ka da abokan arziki, Ya sa ka kwana inda rufi ba ya yoyo, Ya dawo mana da kai muna da rai. Ka gai da kawunka, ka yi masa biyayya.

Ɗan saƙo zai miƙa maka gizagonka, na wasa shi. Za ka ga zare a naɗe a ƙotarsa. Iya ce ta kaɗa shi a hasken tagarka, da audugar nan da ruwan ya ɗiga a kai. Na ce ta bari a wanke, ta ƙi. Ita ba ta ganin shuɗin, sai da ta sa na ɗora mata yatsa a kansa. Ta ce a naɗa shi daidai inda hannunka ke kamawa.

Wassalam. Daga mahaifinka, Bawa.